Me ya sa hoton rana na kumbon SOHO ya kife, kuma mene ne abin nan mai fukafukai?

Malam, na ga saƙonka da ɗan bidiyon da ka turo, wanda aka harhaɗa daga shuɗayen hotunan nan na kumbon SOHO mai nazarin rana. Abubuwa uku ka tambaya. Ka ce baƙar sandar da ta saba fitowa a ƙasa ta hagu ta koma sama ta dama dare ɗaya, hotunan da ke tsakani sun cika da baƙaƙe da fararen tabo har wasu sun ɓace ɗungurungum, sannan akwai wani farin abu mai fukafukai biyu da ke tafiya a hankali a gefen rana, wanda masu yaɗa bidiyon suke cewa jirgi ne da ya fi duniyarmu girma, kuma wai hukumar NASA tana ɓoye shi. Amsar a taƙaice ita ce kumbon ne ya mirgina, rana tana nan yadda take. Tabon daga lissafin kwamfuta ya fito, mai fukafukan kuwa Zuhura ce, wadda mutanenmu ke kira Zara matar wata. To amma taƙaitacciyar amsa ba ta gamsar da mai neman sani, saboda haka bari in bi maka abin daki-daki.

Sai an fara sanin aikin kyamarar kafin a fahimci laifinta. Duk wanda ya kasance a Gusau ko Katsina da hantsin ranar 29 ga Maris, 2006, lokacin da wata ya rufe rana ruf, ya ga wani siririn farin haske da ya kewaye baƙin faifan watan kamar rawani. Wannan shi ne sararin iskar rana na waje, wanda masana ke kira korona, kuma ba ya ganuwa a sauran ranaku domin fuskar rana ta fi shi haske kusan sau miliyan. A farkon shekarun 1930 wani Bafaranshe mai suna Bernard Lyot ya ƙera na'urar da ke yin husufi na ƙirƙira, wato a sa ɗan faifai a cikin bututun hangen nesa ya tare fuskar rana, sai abin da ke kewaye da ita ya bayyana. Na'urar LASCO da ke jikin SOHO jikanyar wannan dabara ce, kuma shuɗin hoton da ka turo daga kyamararta mai suna C3 yake, wadda ke ganin fili har ninki 30 na rabin faɗin rana ta kowace fuska. Da'irar da ke tsakiyar hoton inuwar faifan ce. Farin zoben da ke cikinta zana shi aka yi domin a nuna girman rana da inda take. Shuɗin launin ma ƙara shi aka yi, kamar yadda aka ba 'yar'uwarta C2 launin ja don a bambanta su. Faifan kuwa ba zai tsaya a iska haka kawai ba, dole wani abu ya riƙe shi, kuma inuwar wannan mariƙi ita ce baƙar sandar da ka gani. Ke nan sandar wani sashe ne na jikin kyamara, duk inda kyamara ta juya, can za ta bi.

Dalilin juyawar yana da tarihi. Hukumar sararin samaniya ta Turai, ESA, da ta Amurka, NASA, su suka harba SOHO ranar 2 ga Disamba, 1995, aka kai shi wani wuri da ake kira L1, kimanin kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta fuskar rana, inda kumbo zai iya zagaya rana kafaɗa da kafaɗa da duniya ba tare da dare ya taɓa rufe masa ido ba. Ba ya zama daidai a kan wannan wuri, domin da ya yi haka, manyan eriyoyin ƙasa za su riƙa kallonsa da rana a bayansa, ita kuwa rana tana fitar da hayaniyar rediyo mai ƙarfi da za ta danne muryarsa. Saboda haka yana kewaya wurin a wata babbar da'ira da ke ɗaukarsa kimanin wata shida, abin da ke nufin cewa, a ganin kumbon, duniya takan kasance ta wannan gefe na wata uku, sannan ta koma wancan gefe na wata uku. Babbar eriyarsa mai kama da faranti tana da injina biyu da ke karkata ta domin ta bi duniya. A tsakiyar shekarar 2003 ɗaya daga cikinsu ya cije, eriyar ta zama kamar mutumin da wuyansa ya ƙage, wanda idan zai dubi na gefensa sai ya juya jikinsa gaba ɗaya. Sai dai SOHO ba shi da damar kau da fuska daga rana, motsin da ya rage masa kawai shi ne ya murza kansa yana fuskantar ta, kamar yadda ake juya faifai a kan kwano ba tare da an ɗaga shi ba. Injiniyoyi suka kafe eriyar a inda ya fi dacewa, suka tsara cewa duk bayan wata uku a mirgina kumbon digiri 180, sama ta koma ƙasa, eriyar ta sake samun duniya.

Bayan an kifar da kumbon, hoton da yake turowa a kife yake zuwa, sai manhajar da ke ƙasa ta juya shi domin arewacin rana ya ci gaba da kasancewa a sama kamar yadda aka saba. Da zarar ta yi haka, rana da taurari sun koma mazauninsu, amma sandar, wadda ke manne da kyamara, ta tsallaka zuwa kishiyar kusurwa. Wani lokaci manhajar takan makara wajen samun labarin cewa an yi juyin, sai a fitar da 'yan hotuna a kife kafin a gyara, kuma daga irin waɗannan ne ake samun masu cewa rana ta yi tutsu. Ɓacewar hotuna ma a nan take. A daidai lokacin da duniya ke sauya gefe, takan fita daga inda ƙagaggiyar eriyar ke iya haskawa na wasu kwanaki, lokacin da injiniyoyin ke kira ramin makulli. A wannan tsakani sai an dogara da ƙaramar eriya mai raunin murya, wadda sai manyan farantan ƙasa masu faɗin mita 34 ko 70 ke jin ta sosai, irin waɗanda ke Goldstone a Kalifoniya, da kusa da Madrid a Sifen, da kusa da Kanbera a Ostareliya. Waɗannan farantai kuwa kumbuna da yawa ne ke layi a kansu, ba SOHO kaɗai ba. Abin da ma'adanar kumbon ta iya riƙewa ya iso daga baya, abin da ya fi ƙarfinta ya tafi.

Yadda ake juya abu mai nauyin kusan tan biyu a inda babu ƙasar takawa babu iskar turawa abin sha'awa ne. Idan mutum ya zauna a kujerar ofis mai juyawa, ya ɗaga ƙafafunsa, ya riƙe ƙafar keke a kwance ya murza ta dama, kujerar za ta fara tafiya hagu. Kumbon yana ɗauke da wasu ƙafafun ƙarfe masu nauyi da lantarki ke juyawa, idan aka ƙara wa ɗaya gudu jikin kumbon ya juya ta kishiyar fuska, idan aka mayar da gudun yadda yake ya tsaya cak. Hasken rana kansa yana tura jikin kumbo kaɗan-kaɗan ba dare ba rana, ƙafafun suna shanye wannan turi har gudunsu ya yi yawa, sai a kunna ƙananan rokoki a sauke musu nauyin. Ba aikin wasa ba ne. A watan Yunin 1998, ana cikin irin waɗannan gyare-gyare, kurakurai a umarnin da aka tura suka sa SOHO ya kau da fuska daga rana, ya shiga wulwulawa, wutarsa ta ɗauke, aka daina jin ɗuriyarsa. Sai ranar 23 ga Yuli aka gano shi da rada daga babban farantin Arecibo da ke Puerto Rico, kuma sai 16 ga Satumba ya sake fuskantar rana. Kafin shekarar ta ƙare duk na'urorinsa na auna juyi sun mutu, aka rubuta masa sabuwar manhaja a farkon 1999 da ke ba shi damar riƙe kansa ba tare da su ba. Kumbon da aka tsara wa aikin shekara biyu ke nan, ga shi har yau ana kallon hotunansa a waya.

Yanzu ga batun tabo, kuma nan ne nake so ka fi mayar da hankali, domin shi ne abin da mafi yawan masu kallo ba su sani ba: hoton da ake nunawa jama'a ba shi ne abin da kyamarar ta gani kai tsaye ba. Ɗanyen hoton C3 kusan hazo ne fari fat. Wani ɓangare na hazon daga ƙurar da ke warwatse tsakanin duniyoyi yake, wadda hasken rana ke dukanta, wani ɓangaren kuma haske ne da ya zille ta gefen faifan ya yi ta karo da bangon bututun. Gajimaren iskar da rana ke amayarwa, wanda shi ne ake nema a gani, ya fi wannan hazo rauni nesa ba kusa ba. Abin da ake yi shi ne abin da mai sikeli ke yi a kasuwa: ya fara auna kwanon babu komai, sannan ya ɗebe nauyinsa daga jimilla, abin da ya rage shi ne nauyin kaya. Kwamfuta tana duba hotunan kwanaki masu yawa, kusan na wata guda, ta fitar da hasken da ba ya canzawa a kowane ɗigo, ta riƙe shi a matsayin nauyin kwano, ta riƙa ɗebe shi daga kowane sabon hoto.

Matsalar ita ce wannan kwano haɗin abu biyu ne. Hasken ƙura na sama ne, yana da siffa miƙaƙƙiya kamar ƙwai a kwance, kuma ba ruwansa da yadda kumbo ya juya. Hasken da ya zille cikin bututu kuwa na kyamara ne, tare da ita yake juyawa, shi da inuwar sanda da duk wani ɗan datti da ke kan gilashi. Muddin kumbon yana tsaye wuri ɗaya, biyun suna zaune a kan juna, ana ɗebe su tare ba a ga komai. Ranar da aka mirgina sai su rabu. Kwamfuta ta ɗebe haske mai yawa a inda yanzu babu shi, wurin ya yi baƙi ƙirin, ta kuma ɗebe kaɗan a inda yanzu ya taru, wurin ya yi fari tas. Shi ya sa idan ka tsayar da bidiyonka a hotunan farko bayan juyin, za ka ga baƙar sanda a sabon wurinta, ka kuma ga wata farar fatalwarta a tsohon wurin, daidai tsawo daidai faɗi. An canja kwano ne ana ɗebe nauyin tsohon. Sai an sauya zuwa ma'aunin da ya dace da sabon zaman kumbon hoton yake washewa.

Irin wannan lissafi ne ya haifar da labarin da ya zaga duniya a watan Disambar 2011, lokacin da wata kyamarar STEREO, wani kumbon NASA mai nazarin rana, ta nuna gajimaren rana yana wucewa ta kan duniyar Mekuri, sai ga wani abu mai haske ya bayyana a gefen duniyar, aka ce ɓoyayyen jirgi ne da guguwar ta tona asirinsa. Masanan ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka, waɗanda ke sarrafa hotunan kyamarar, sun bayyana cewa hoton jiya ne ya shiga cikin ma'aunin da aka ɗebe, Mekuri kuwa ya gusa tsakanin jiya da yau, saboda haka lissafin ya bar tabo daidai inda ya kwana. Da aka sake sarrafa hotunan da cikakken ma'auni, tabon ya ɓace.

Mai fukafukan naka ba daga lissafi ya fito ba, daga idon kyamarar ne. Idon wani ɗan allo ne mai ɗigo 1024 a tsaye da 1024 a kwance, kowane ɗigo yana tara cajin lantarki gwargwadon hasken da ya sauka a kansa. Ka ɗauke shi kamar fangalin lambu a fadama, inda kowane fangali ke da iyakar ruwan da zai riƙe, kuma layi-layi suke haɗe ta hanyar ruwa guda. Idan ruwa ya yi yawa a fangali ɗaya, ba ya tsallaka kunya ta ko'ina, sai ya bi hanyar ya cika na gabansa da na bayansa. An ƙera C3 domin haske mai rauni ƙwarai, tana buɗe ido na kusan daƙiƙa 20 a kowane hoto, Zuhura kuwa ita ce mafi haske a sama bayan rana da wata. Ɗigon da ta sauka a kai yakan cika ya tumbatsa, cajin ya malala hagu da dama a layi ɗaya, sai ka ga fukafukai. Shaidar haka ita ce Mushtari ma yana fitowa da su, Mekuri ma haka, har kan tauraro mai wutsiya idan ya yi haske sosai, kamar wanda ya ratsa filin C3 a watan Oktoban 2024, kuma dukansu a kwance suke ɗoɗar, tsawonsu kawai ke bambanta gwargwadon haske. A kyamarorin gefe na STEREO, inda aka ɗora allon ta wata fuska, irin wannan malala a tsaye take fitowa. A bidiyonka na lura abin yana tafiya a hankali daga dama zuwa hagu, alhali taurari na bayansa suna tafiya daga hagu zuwa dama. Haka Zuhura take yi idan tana wucewa ta bayan rana, takan ɗauki kusan wata biyu kafin ta ƙetare filin.

Maganar girma kuwa, ina roƙon ka riƙe wannan lissafi, domin zai yi maka amfani a gaba. Ɗigo ɗaya na C3, idan aka auna shi a nisan rana, ya rufe kimanin kilomita 40,000, wato fiye da faɗin duniyarmu sau uku. Duk wani ɗan ƙyalli da ya taɓa ɗigo biyu ko uku, wanda ya ga dama zai iya cewa ya fi duniya girma sau goma, matuƙar ya ɗauka cewa abin yana kusa da rana. Hoto ɗaya kuwa ba ya faɗin nisa. Zuhura, mai faɗin kilomita 12,100, idan tana bayan rana ainihin jikinta bai kai rabin ɗigo ɗaya ba, duk sauran abin da kake gani ambaliyar haske ce. A ɗaya ɓangaren, ɗan ɓarɓashin rufin kumbon da bai kai ƙwayar gero ba, idan ya ɓalle ya gilma a gaban gilashi cikin hasken rana, yakan ja faffaɗan layi mai dishi-dishi daga wannan gefen hoto zuwa wancan.

Akwai wasu baƙin da ke shiga hotunan, ba sai na daɗe a kansu ba. Ƙwayoyin zarra masu tsananin gudu suna ratsa jikin kumbon su doki allon kai tsaye, su bar ɗigo ko ɗan layi ko wata siffa mai lanƙwasa, a hoto ɗaya tak, na gaba babu su. Idan rana ta yi babbar fashewa, kamar ta 14 ga Yuli, 2000 da ta 28 ga Oktoba, 2003, sukan yi yawa har hoton ya koma kamar talabijin da ta rasa tasha. A Janairun 2003 wata ƙungiya a Ingila ta tara irin waɗannan ɗigogi ta ce jiragen baƙin halittu ne, sai ma'aikatan SOHO suka nuna mataki-mataki yadda ake ɗaukar ɗigo ɗaya a faɗaɗa shi, a sulɓe gefensa, a sauya masa launi, ya koma kamar faranti mai tashi. Baƙin murabba'i mai kaifin gefe kuwa guntun saƙo ne da ya ɓata a hanya, domin gunduwa-gunduwa ake turo hoton. Hotunan gaggawa na STEREO ana matse su ƙwarai kafin a turo, kamar yadda WhatsApp ke yi wa hoto har fuskar mutum ta dagule, cikakkun sukan iso bayan 'yan kwanaki. Abin nan mai kama da ƙafar keke da ya fito a hoton STEREO a ƙarshen Fabrairun 2020, hasken Zuhura ne ya yi karo da gilasan cikin kyamara ya dawo.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne cewa juyin da ke ɓata hoto shi ne kuma babban makamin tantance shi. Kumbon SDO na NASA, wanda aka harba ranar 11 ga Fabrairu, 2010, eriyarsa lafiya lau take, amma sau biyu a shekara ana mirgina shi zagaye guda cur da gangan. Na ranar 6 ga Yuli, 2016 ya ɗauki kimanin awa bakwai, kyamara tana ɗaukar hoto duk daƙiƙa 12, kuma wanda ya kalli bidiyon zai rantse rana ce ke wulwulawa kamar gare-gare. Abin da ake nema shi ne a san ko rana kewayayya ce sosai ko kuwa ta ɗan buɗe a ƙugu, kamar yadda duk abin da ke juyawa yake yi. Bambancin ƙanƙane ne har ya gaza karkacewar da ke cikin gilasan kyamarar kansu, saboda haka a hoto ɗaya babu yadda za a yi a san ko rana ce ta baje ko gilashi ne ya baje ta. Idan aka juya kumbon, karkacewar gilashi ta bi kumbo, siffar rana ta tsaya inda take, sai a raba su da lissafi. Da wannan dabara Jeffrey Kuhn na Jami'ar Hawaii da abokan aikinsa suka bayyana a 2012 cewa da za a mayar da rana ƙwallo mai faɗin mita ɗaya, faɗinta ta ƙugu zai fi na sama zuwa ƙasa da ɗan abin da bai kai kaurin silin gashi ba. A ainihin girmanta na kilomita miliyan 1.39, ratar ba ta wuce kimanin kilomita 10 ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin a 1967 Robert Dicke na Jami'ar Princeton ya ba da rahoton cewa rana ta fi haka bajewa sosai, kuma da hakan ya tabbata, da ya taɓa lissafin Einstein a kan yadda hanyar Mekuri ke gusawa.

SDO yana da wasu motsin da ke firgita wanda bai sani ba. Akan sa shi ya yi ta gyaɗa kai sama da ƙasa, hagu da dama, domin a gwada na'urarsa ta EVE mai auna wani nau'in hasken rana, sai ka ga rana ta zame an yanke rabinta a bakin hoto. Kuma da yake shi duniya yake zagayawa, a nisan kusan kilomita 36,000, sau biyu a shekara, na kimanin mako uku, duniya takan shiga tsakaninsa da rana kullum, wani lokaci har minti 72. Ana gane mai tare hasken daga gefensa: na duniya dishi-dishi ne saboda iskar da ke lulluɓe da ita, na wata kuwa kaifi gare shi kamar yankan reza. Ranar 13 ga Satumba, 2015 duka biyun suka shiga hoto ɗaya.

A ganina hukumomin nan suna da nasu sakaci a wannan ruɗani. Suna sakin hotuna ga kowa cikin 'yan sa'o'i, babu hannun mutum a kai, wanda abin yabo ne, kuma shi ne ma dalilin da ya sa ake ganin duk waɗannan tabo, domin mai ɓoye abu ba ya baza ɗanyen aikinsa a kasuwa. Amma sanarwar cewa yau za a juya kumbo tana can a shafin jadawalin aiki da ba kowa ke leƙawa ba, hoton kuwa yana yawo shi kaɗai babu ko layi ɗaya na bayani a jikinsa. Da ana buga gajeren rubutu a kan hotunan ranar juyi, da an rage wa mutane irinka wahala.

Kai ma kana iya tantancewa da kanka, ba sai ka dogara da maganata ba. A ƙasan kowane hoto akwai kwanan wata da lokaci, a agogon duniya, wanda Nijeriya da Nijar ke gaba da shi da awa ɗaya. Ka shiga ma'adanar hotunan SOHO ko manhajar kallon hotunan rana ta Helioviewer, ka jero hotuna goma kafin wanda ake magana a kai da goma bayansa. Abin da ya fito sau ɗaya ya ɓace, ƙwayar zarra ce ko ɓarɓashi. Abin da ya kafe wuri ɗaya ana ta wucewa ta kansa, sannan ya yi tsalle ranar da sanda ta yi tsalle, na jikin kyamara ne. Abin da ke tafiya a natse, taki ɗaya a kowane hoto, wannan na sama ne, sai a duba jadawalin duniyoyi a ga ko wace ce. Idan an ce abu yana dab da rana kuma ƙato ne, to dole wani kumbon da ke kallo ta wata kusurwa ya gan shi a daidai lokacin. Ga wanda ya iya buɗe ɗanyen fayil na tsarin FITS, wanda masana taurari ke adana hotuna a cikinsa, kusurwar da kumbon yake a kai tana rubuce a cikin bayanan da ke manne da hoton. Da irin wannan haƙurin bin hoto bayan hoto ne aka gano taurari masu wutsiya har 5,000 a hotunan SOHO zuwa watan Maris na 2024, akasarinsu kuwa 'yan sa-kai ne suka gano su daga gidajensu, ta hanyar rarrabe ɗan ɗigon da ke tafiya a kan hanya daga dubban da ke ƙyaftawa su mutu.

Idan ka ƙirga kimanin wata uku daga ranar da ke jikin bidiyonka ka koma ma'adanar, za ka tarar sandar ta dawo ƙasa ta hagu, da 'yan kwanakin tabo da giɓi a kewayenta kamar na farko. In kuma ka duba hotunan tsakiyar watan Mayu na kowace shekara, daidai lokacin da kaza da 'ya'yanta ta ɓace daga sararin dare gabanin damina, za ka same ta a cikin shuɗin filin C3, a saman faifan, tana rarrafawa daga hagu zuwa dama kimanin digiri ɗaya a kowace rana, ko sandar tana sama ko tana ƙasa.